Harafin Kura

A Dundee, a ɗakin haya saman shagon mai gyaran takalma,
shekarar da na fara karatun haɗa magunguna,
na faɗa wani rami da Alasdair Rennie ya haƙa
da haruffa zalla, fari a kan baƙi.
Ni ne alamar nan mai kama da dodon koɗi,
ƙaramin harafi ɓera ne, babba kuwa, yi ta kanka.
Rai ɗaya ake ba ka. In ya tafi, ya tafi.
Ka sake shiga, ramin ya sauya hanji,
inda ka bar tsani jiya, yau bango ne.

Sau ɗari biyu da sha ɗaya na mutu kafin hutun Kirsimeti.
Sai na ce, rami har rami babu kura?
Wane irin dare ne wannan?

Amma Alasdair ya kulle gidansa, ya haɗiye mabuɗi.
Muka zama ɓarayin tsakar dare, mu 'yan ƙalilan,
muna tonon lambobi da tsinin allura.
Ka canza guda, ka ja numfashi, ka kunna,
allo ya yi duhu.
Kurata ta farko ba ta yi ko dariya ba,
ta ci ƙofa, ta ci hawa na uku, ta cinye wasan ɗungurungum.
Ranar da ta tsaya da ƙafafunta
ya fito da sabon zubi, ta narke kamar gishiri a miya.

Na rubuta masa wasiƙa mai yaji.
Amsarsa layi ɗaya: "Gidana ne."

Mai ɗaki, aka ce, shi ya san inda yake yoyo.
To, mu da ke kwana ciki, a kanmu ruwan ke ɗiga.

Bayan shekara huɗu, ina aiki a kantin magani,
sai ga shi ya zazzage dodanninsa a fili,
kowa da sunansa, ƙarfinsa, abin da yake tsoro,
kamar rajistar 'yan aji.
Bai ce uffan ba. Taga dai ya bari a buɗe.
A daren na saki kura,
na sa kilishi a jakar matafiyi,
na haƙa rijiyar da ba ta ba ka ruwa sai ka gaishe ta.

Da ya koya wa wasan jin umarnin baƙi
sai kasuwa ta ci.
Wata a Ohio ta sa ruwan sama a ƙarƙashin ƙasa,
wani ya mai da takubba cokula.
Gyaran wannan ya taka na wancan,
muka yi ta cacar baki kan wa zai shiga gaba,
mai gida ya koma mai tsara layi.
Abu ɗaya ya riƙe gam:
"Ku taɓa komai, ban da mutuwa."

Yanzu furfura ta leƙo.
'Yata Rumaisa danni ɗaya take yi,
gyara dubu uku su jeru mata kamar kayan kanti,
da hotuna, da taurari.
Ba ta san allura ba.

Bara wani dattijo ya miƙo min takardar likita,
hannunsa na rawa. Sunan na gani kafin fuskar.
Na ce, "Ni ne mai kura."
Ya yi dariya har ya dafa tebur.
"Sau tara ta kashe ni," ya ce, "a cikin gidana."

A watan ya saki komai, har tushen rubutun,
har mutuwar: ɗan akwati, ka sa alama ko ka cire.

Rumaisa ta cire.
Tana hawa na ashirin tana yawo kamar gidan kakarta.
Ni ban taɓa akwatin ba.

Daren jiya, bayan na rufe kanti,
na sauka hawa na shida, fitila na haki,
sai ga "k" a bakin lungu,
yadda na rubuta ta tun Rumaisa ba ta zo duniya ba,
da kuskuren da na yi ta cewa gobe zan gyara:
in ta ƙoshi, da baya take tafiya.

Ba ta ƙoshi ba.